Inci Huɗun Da Ke Riƙe Da Ran Mai Babur

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin kasuwar Bodija ta Badun, ko Sabon Shagamu, ko kuwa mahaɗar Sango Ota, zai ga irin aikin da 'yan'uwanmu 'yan Arewa ke sa babur. Wani ya ɗaure buhun shinkafa biyu a baya, wani ya ɗora kwandon tumatir bisa kwando, wani kuwa ya ɗauko mace da goyonta da jarkar manja, ga shi ya matso gaba har cikinsa na gugar tanki. Cikin baburan nan da wuya a sami wanda yake kamar yadda ya fito daga kamfani. An ƙara wa sirdi tsawo, an yi wa kariya walda ta zarce baya, an sauya shokozoba na baya da masu tsawo da ƙarfi, har akwai masu jera bibbiyu a kowane gefe.

Wannan duka neman halali ne, ba mai ganin laifinsu. Hana acaɓa da Gwamnatin Jihar Kano ta yi a watan Janairu na 2013 yana cikin abubuwan da suka gangaro da samari Kurmi. Da Gwamnatin Jihar Ikko ita ma ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida ran 1 ga Yuni, 2022, ta kuma ƙara wasu huɗu ran 1 ga Satumba na shekarar, sai da yawa suka koma bayan gari da garuruwan Jihar Ogun, inda hanya ta fi gargada, kuma ɗaukar kaya ya fi ɗaukar mutum kawo kuɗi.

To, bayan an yi wa babur irin wannan gyara, ba a daɗewa mai shi zai fara kuka. Ko dai ya ce kan babur ya yi sakayau, yana karkarwa da zarar an ɗan taka wuta, ko ya ce fitila ta koma haska saman itatuwa, ko kuwa ya ce kai ya yi nauyi, ba ya son shan kwana. Sai ya nufi wurin bakanike ya ce a sauke masa gaban, ko a ɗaga masa. Bakanike kuma ya ɗauko sifana da zarto, kafin a yi sallar azahar an gama. Abin da galibi su biyun ba su tsaya sun duba ba shi ne, tsawon gaban babur awo ne da injiniyoyi suka ƙayyade, kuma inci ɗaya a wurin nan yana iya raba mutum da ƙafarsa.

WUYA DA RATA

In mutum ya tsaya a gefen babur ya duba, zai ga bututun nan da ke gaban tanki, wanda kai ke juyawa a cikinsa, watau wuyan babur, ba a miƙe yake sak ba. A kishingiɗe yake, samansa ya karkato wajen matuƙi, ƙasansa ya nufi gaba. A baburan hawa na yau da kullum wannan kishingiɗa takan kama daga digiri 24 zuwa 28 in an auna daga tsaye.

Da za a ɗauko sanda miƙaƙƙiya a bi da ita ta cikin wuyan nan har ta taɓa ƙasa, za a ga ta sauka a gaban inda taya ta taka. Ɗan tsakanin nan, daga inda sanda ta sauka zuwa inda taya ta taka, shi ne za a kira rata a nan. Yawanci ba ta wuce milimita 90 zuwa 110 ba, watau wajen inci huɗu, faɗin tafin hannun namiji ke nan.

Amfanin ratar nan, ita ke sa taya ta riƙa bin wuya a baya kamar yadda akuya ke bin igiya. Wanda ya taɓa tura gadon asibiti ya ga yadda ƙananan tayoyinsa ke juyowa da kansu su bi inda aka nufa, don kuwa kowace tana bayan ƙarfen da take juyawa a kai. Haka tayar gaban babur take. In dutse ya kaɗe ta gefe, ratar nan ce ke komo da ita kan hanya tun hannun matuƙi bai sani ba. In rata ta yi yawa, babur zai tsaya kyam a miƙaƙƙiyar hanya, amma kai zai yi nauyi, juyawa cikin cunkoso ta zama aiki. In ta yi kaɗan, kai zai yi sauƙi kamar na keke, babur ya riƙa faɗawa kwana tun ba a nema ba, kuma ƙaramin rami ya isa ya fizge kan daga hannun mutum.

A 1970 wani masani ɗan Ingila, David Jones, ya gwada wannan da keke. Ya tura tayar gaba can gaba har ratar ta ɓace ta koma ta baya, sai ya iske keken yana hawuwa da ƙyar, in kuwa aka tura shi ba kowa a kai nan take yake faɗuwa. Da ya juya fok ɗin wani keken ta baya, rata ta ƙaru, sai ya ga in an tura shi yana tafiya mai nisa shi kaɗai. Akwai darasi a nan wanda ke saɓa wa abin da ido ke gani: matsar da taya gaba ba tare da an taɓa wuya ba rage rata yake yi. Baburan Amurka masu dogon gaba, irin na fim ɗin Easy Rider na 1969, waɗanda samari ke sha'awa a hoto, wuyansu aka kwantar sosai, shi ya sa suka dace da miƙaƙƙen titi kawai. Mai irinsu ba zai ci abinci a lungunan Badun ba.

ƊAN LISSAFI

Baburan da aka fi sana'a da su a ƙasar nan, irin su Bajaj Boxer da TVS na Indiya, da Jincheng da Haojue na Sin, tsakanin tayar gaba da ta baya bai wuce mita ɗaya da kwata ba, ko ya ɗan ɗara. A kan wannan tsawo, duk sa'ad da gaba ya sauka da milimita 22, ko baya ya tashi da milimita 22, wuya ya miƙe da digiri ɗaya, rata kuma ta ragu da kamar milimita 6. Ɗaga baya da sauke gaba duk abu ɗaya ne a wurin wuya. Wannan shi ne abin da ake mantawa.

Milimita 6 ba ta da yawa a ido. Amma a duba yadda take taruwa. An sa shokozoba na baya da suka fi na asali tsawo da inci ɗaya, digiri ɗaya ya tafi. An yanke sifirin na gaba da inci ɗaya, wani digirin ya tafi. Sa'an nan duk lokacin da aka danna birkin gaba da ƙarfi, fok yakan nutse da inci biyu ko fiye, wannan kuma digiri biyu ne. Ke nan babur da ya fito da rata milimita 100 zai iya samun kansa da 75 ko ƙasa da haka, a daidai lokacin da ya fi bukatarta, watau sa'ad da mota ta tsaya ba zato a gangara, ko yaro ya gilma. Masu aiki a Badun da Abekuta, garuruwan hawa da gangara, su ya fi kamata su riƙe wannan.

CIWON NA BAYA NE

Mafi yawan kukan da ake yi da gaban babur, in an bi diddigi, daga baya yake tasowa. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san ba a ɗora wa jaki mangala a kan kuturi. Kariyar da aka yi wa walda ta zarce tayar baya kuwa, kuturin ke nan. Kayan da ya wuce tsakiyar tayar baya yana danna baya, kana yana ɗaga gaba, kamar ma'aunin mai nama. Buhun shinkafa mai kilo 50, in tsakiyarsa ta zarce tsakiyar taya da santimita 30, yana ɗauke wa tayar gaba nauyin kilo 12. Buhu biyu, kilo 24. Alhali duk abin da tayar gaban ƙaramin babur ke ɗauke da shi, har da rabon matuƙi, bai fi wajen kilo 70 ba. Sulusin riƙon da taya ke yi wa ƙasa ya tafi ke nan, birki ba zai ci sosai ba, kai kuma ya fara rawa.

Rawar nan an san ta tun da daɗewa. A 1971 wani injiniya na Ingila, Robin Sharp, ya yi lissafin motsin babur, ya bambanta karkarwar kai, wadda kai kaɗai ke kaɗawa hagu da dama da sauri ƙwarai, da lanƙwasar jiki, wadda babur ɗungurungum ke tafiyar maciji in an yi gudu mai yawa. Kaya mai nauyi can baya, musamman in ba a ɗaure shi tamau ba, yana taimakon dukansu biyu.

Ga inda kuskuren yake shigowa. Mai babur ya ga da kaya gaba ya ɗaga, sai ya sa a sauke gaban don babur ya daidaita. Da kaya kam ya daidaita. Amma da an sauke kaya a kasuwa, shokozoban nan masu ƙarfi su miƙe, baya ya tashi, babur ya koma kamar rago mai shirin karo. A dawowar nan kuwa ake sauri, don a samu a sake wani sawu. Mutum ya gyara baburinsa don rabin tafiyar da yake yi a hankali, ya lalata shi don rabin da yake gudu.

Abin da ya kamata a fara yi, a matso da kaya gaba su zauna bisa tayar baya ko gabanta, mafi nauyi a ƙasa. Sa'an nan a duba gindin shokozoban baya: yawancinsu suna da matakala, galibi hawa biyar, wadda ake murɗawa don a ƙara matse sifirin in za a ɗauki kaya, a sassauta in an sauke. A murɗa na hagu da na dama su zama hawa ɗaya. Aikin minti biyu ne, ba ko kwabo. In shokozoba sun mutu a sayi masu ƙarfi, amma a gwada su da tsofaffin, ido da ido, tsawonsu ya zama ɗaya.

HANYOYIN KANIKAWA

A manyan babura, ƙafafun fok suna ratsa mariƙi biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne da notin matsewa. In aka sassauta su ana iya zura ƙafafun sama, gaba ya sauka. Masu wannan aiki a ƙasashen waje milimita biyar-biyar suke tafiya, suna gwadawa, kuma ba kasafai suke wuce goma ko sha biyar ba. To, amma a ƙananan babura da yawa, irin ƙirar Honda CG125 wadda ta fito a 1975 da masu kwaikwayonta, kan fok a ƙarƙashin mariƙin sama yake tsayawa, an ɗaure shi da babban noti daga bisa, saboda haka ba ya zuruwa. Wannan ya sa kanikawanmu suka nemo nasu dabaru, kowace da halinta.

Ta farko yanke sifirin. Gaba zai sauka, gaskiya ne, amma sifirin da aka rage wa zagaye ƙara tauri yake yi, ga shi kuma hanyar da fok zai bi kafin ya buga ƙasa ta ragu. Sai mutum ya ji kowane rami a kafaɗarsa, ya ji ƙarfe na dukan ƙarfe. Kuma da wuya zarto ya yanke biyu daidai wa daida.

Ta biyu cusa guntun bututu ko notuna a kan sifirin don gaba ya tashi. In kaɗan ne, milimita biyar zuwa goma, kuma iri ɗaya a ƙafa biyu, wannan dabara ce mai kyau ga sifirin da ya ɗan gaji. In aka cika, fok zai zauna a miƙe ƙarshen miƙewarsa, ba shi da sauran abin da zai miƙa in taya ta faɗa rami, sai taya ta riƙa barin ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta juya babur, ba ta kuma tsayar da shi.

Ta uku ita ce mafi muni, watau yi wa ƙafar fok ƙari da walda. Duk ƙarfin birki da dukan rami a kan bututun nan yake sauka, wurin walda kuwa ba ya gargaɗi kafin ya karye. Wannan kam ko kyauta aka ce za a yi wa mutum, ya ce ya gode.

Akwai kuma masu sauya wili. Boxer da mai inci 17 yake zuwa, tsofaffin Jincheng kuwa da mai inci 18. Wanda ya ɗauko na 18 ya sa a gaban babur mai 17 ya ɗaga gaba da rabin inci, rata ta ƙaru, kai ya ƙara nauyi, ga taya ta matso kusa da madigadi. Wanda ya yi akasin haka ya rage rata. Masu ɗauko fok ɗungum daga wani babur su ma sai su lura, don akwai fok da ƙarfen taya ke ratsa tsakiyar ƙafarsa, akwai wanda yake ratsawa ta gabanta. In aka sa na biyun a mariƙin na farkon, taya ta matsa gaba da inci guda ko fiye, rata kuma ta ragu da kusan haka a tashi ɗaya.

Irin wannan ne ke faruwa bayan karo. Fok ya lanƙwashe ya koma baya, bakanike ya zura dogon bututu ya taka ya miƙe shi da ido. In ya zarce da shi gaba, ya cinye rata. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya miƙewa, babur zai riƙa ja gefe guda, taya kuma ta ci ta gefe. Ana gane lanƙwasasshen bututu in an fitar da shi an mirgina a kan gilashi ko tebur mai laushi. Wanda ya taɓa lanƙwasa sosai har ya yi alama, sabo ne maganinsa.

AWO KAFIN SIFANA

Tun ba a taɓa kome ba, a tsayar da babur a kan daɓe madaidaici, mai shi ya hau, wani ya riƙe. A auna daga ƙasa zuwa wani noti a mariƙin ƙasa, a kuma auna daga ƙasa zuwa wani noti a ƙarƙashin sirdi ta baya. A rubuta. Bayan kowane gyara a sake aunawa. In gaba ya sauka da inci ɗaya don matuƙi gajere ne, to baya ma ya sauka da inci ɗaya, wuya zai zauna yadda yake. Amma gajeren mutum gara ya fara da rage soson sirdi, wannan ba ya taɓa kome a tafiyar babur.

Mai son ganin ratar da idonsa sai ya sami zare da dutse irin na magina, ya sake shi daga tsakiyar ƙarfen taya, ya yi alama a ƙasa. Sa'an nan ya sami miƙaƙƙen katako ya jera shi a gefe daidai da wuya har ƙasa, ya yi alama ta biyu. Da wuya za a jera shi, ba da ƙafar fok ba, don ƙafar fok tana gaban wuya, wanda ya bi ta zai sami awon ƙarya. In tsakanin alamun nan biyu ya gaza inci uku da rabi, akwai magana.

Nutsewar fok ma ana aunata. A ɗaura ɗan zare a jikin bututun mai sheƙi, a tura shi ƙasa ya taɓa robar ƙura, mai babur ya hau a hankali ya sauka, sa'an nan a ɗaga gaba har taya ta bar ƙasa a auna inda zare ya tsaya. Abin da ake so, nauyin babur da na matuƙi su cinye rubu'i zuwa sulusin dukan tafiyar fok, ba fiye ba. In an bar zaren nan aka yi yini ana aiki, da yamma zai nuna ko fok yana kaiwa ƙarshe.

Sau da yawa ma ba sai an kai ga duk wannan ba. Boris ɗin wuya in ya saki, ko ya ci har ya yi gurbi a tsakiya, shi kaɗai ya isa ya sa kai rawa. A ɗaga gaba, a kama ƙafafun fok a girgiza gaba da baya: in an ji ƙas-ƙas, ya saki. A juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan: in ya ɗan maƙale a tsakiya, ya mutu. Haka nan iskar taya, da sifok da suka saki, da man fok da ya tsiyaye a ƙafa ɗaya ya bar ɗaya. A zuba mai iri ɗaya, awo ɗaya, a ƙafa biyu, gwargwadon yadda littafin babur ya faɗa. Baƙin mai da aka juye daga inji ba man fok ba ne, ko da yake ana yi.

In an gama kowane irin gyara, kafin a ɗaure noti na ƙarshe, mutum biyu su danna gaba iyakar dannuwa a ga ko madigadi zai taɓa mariƙin ƙasa, ko oda, ko taya ta taɓa salansa. Tayar da ta sami abin tokarewa a cikin rami tsayawa take yi cak, mai babur kuwa ya wuce ta saman kai. A juya kai ƙarshen hagu da ƙarshen dama da inji a kunne, in kukansa ya tashi, wayar totur ta ja. A duba wayar birki kada ta ɗame in fok ya miƙe. Babur da aka sauke yakan tsaya tsaye ainun a kan jak na gefe har iska ta iya ka da shi, kuma yakan gogi tudun rage gudu da cikinsa.

Gwaji kuwa a hanyar da ba mutane za a yi shi, da hular kwano, ba kaya tukuna, daga gudu kaɗan ana ƙarawa. Sa'an nan a sake da kaya. In kai ya soma karkarwa, kada a damƙi birkin gaba, kada kuma a yi kokawa da kan. A sassauta riƙo, a duƙo gaba bisa tanki, a rage wuta sannu a hankali har babur ya natsu, a sauka a tura shi zuwa wurin bakanike in ta kama.

Da dare ya yi, a fuskanci bango daga nesa da taku goma, mai babur na kai, a kunna ƙaramar fitila. Haskenta ya kamata ya sauka ƙasa kaɗan da tsayin ita fitilar daga ƙasa. A ja layi da gawayi a wurin. Gobe in an ɗaure kaya a sake tsayawa nan, a ga nisan da haske ya yi sama da layin.